Tsofaffin katun na silima: yadda aka yi su da abin da ya kashe su

Tambaya: Na lura idan aka kunna wa yara tsofaffin katun irin su Tom and Jerry da Bugs Bunny da Popeye, har manya sai su jawo kujera su zauna. Motsinsu da kiɗansu ba irin na katun ɗin talabijin da suka biyo baya ba ne. Su wa suka yi su, a wane zamani, da wane irin kayan aiki, kuma me ya sa aka daina yin irinsu?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. Waɗannan katun ba don talabijin aka yi su ba, kuma ba yara kaɗai aka nufa da su ba. An yi su ne don gidajen silima na Amurka, daga 1928 zuwa wajen 1960. A wancan zamani wanda ya yanki tikiti sai an fara nuna masa labaran duniya, da tallan finafinan da ke tafe, da katun guda na minti shida zuwa takwas, kana a shiga babban fim. Manyan kamfanoni irin su MGM da Warner Bros. da Paramount su ke yin fim, su ke rarraba shi, kuma su ke da ɗimbin gidajen da ake nuna shi. Mai silima mai zaman kansa kuwa, in yana son fim ɗin da babban tauraro ya fito, dole ya karɓi kayan kamfani a dunƙule, har da katun. Wato kafin mai zane ya feƙe fensirinsa an riga an samo wa katun ɗin kasuwa. Ka riƙe wannan, domin amsar ƙarshen tambayarka a nan take.

Tushen sana'ar ya girmi sauti. A 1914 wani mai zane, Earl Hurd, ya yi rajistar dabarar zana abin da ke motsi a kan wata leda mai kauri, garau kamar gilashi, wadda ake kira sel, sannan a ɗora ta a kan hoton bango guda ɗaya da ba ya canjawa. Kafin nan, sau da yawa duk hoton da za a ɗauka sai an sake zana ɗaki da bishiya da komai, shi ya sa layuka ke karkarwa a finafinan farko. Zamanin da kake tambaya a kai ya soma ne ranar 18 ga Nuwamba 1928, da aka nuna Steamboat Willie na Walt Disney a New York, wanda Ub Iwerks ya zana mafi yawansa. An yi katun masu sauti kafinsa, amma shi ne ya fara nuna wa jama'a fito da bugun ƙafa da kiɗa suna faɗawa daidai kan motsi. Launi ya biyo baya a 1932 da Flowers and Trees, katun na farko da aka yi da tsarin Technicolor mai launi uku, kuma shi ya fara cin kyautar Oscar ta katun. Disney ya ƙulla yarjejeniyar da ta hana sauran masu katun wannan tsari har 1935, suka yi ta lallaɓawa da mai launi biyu, wanda ba ya iya fitar da shuɗin sama na sosai.

Ba za a gane aikin ba sai da lissafi. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu da hoto 24 a kowane sakan, kowane hoto ana ce masa firam. Ƙafa ɗaya ta fim firam 16 ke cikinta, minti ɗaya kuma ƙafa 90 ne. Saboda haka katun na minti shida ƙafa 540 ne, firam 8,640, na minti bakwai kuwa ƙafa 630, firam 10,080. Da ƙafa ake auna aikin kowa. A Warner ana sa ran mai zane ya kawo wajen ƙafa 25 a mako, wanda bai kai sakan 17 ba idan aka haska shi a allo. Kowane darakta a can yana da ayarinsa, yana fitar da katun kamar goma a shekara, wato duk mako biyar sai ya ɗora sabo, alhali wasu suna hannun masu fenti, wasu suna gaban kyamara.

Ba kowane firam ake yi wa sabon zane ba. Yawanci zane ɗaya ana ɗaukarsa sau biyu, 12 ke nan a sakan, ana ce da wannan aiki bibbiyu. Inda gudu ya yi tsanani, ko kyamara na bin abu a gicciye, sai a koma ɗaiɗai, zane 24 a sakan. In aka yi rowa aka bar shi bibbiyu alhali bango na tafiya a kowane firam, ƙafar mai gudu za ta riƙa zamewa a ƙasa, hoton ya riƙa tsalle a ido.

Labari ba a rubuce yake farawa ba. Masu labari suna zana shi ne a ƙananan takardu, su manna su a jikin babban allo da ƙusoshi, a jere, dabarar da ta kafu a situdiyon Disney a farkon shekarun 1930. Darakta da abokan aiki su tsaya gaban allon, a cire wannan, a matsar da wancan, har a gamsu. Daga nan sai ɗaukar murya, kafin a zana komai. A Warner, Mel Blanc shi kaɗai ke yin muryar Bugs da Daffy da Porky da wasu da dama. Sai wani ya zauna da faifan muryar yana bin sa firam bayan firam, yana rubuta inda baki ke rufewa a kan "m" da "b", da inda yake buɗewa a kan "a". Duk wannan yana shiga wata doguwar takarda mai layuka, jadawalin ɗauka: kowane layi firam ɗaya, akwai gurbin murya, gurbin kowane sel da za a ɗora, da gurbin umarnin mai kyamara. Wannan takarda ita ce ke bin aikin daga teburin darakta har ɗakin kyamara, kuma in ta ɓata aikin ya tsaya.

A nan ne gwanintar take, kuma a nan nake ganin amsar tambayarka ta fi ƙarfi. Mai fim ɗin mutane yana ɗaukar abu sau goma, ya je ɗakin tacewa ya zaɓa. Mai katun ba shi da wannan gata, domin kowane sakan da aka zana aka jefar kuɗin aikin mutane da yawa ne. Dole darakta ya tace fim ɗin a kansa tun babu shi, ya yanke cewa wannan motsi firam shida ne, wancan shiru firam goma sha biyu. Chuck Jones, ɗaya daga daraktocin Warner, ya sha bayyana cewa idan dilan nan mai bin tsuntsun nan Road Runner ya faɗo daga kan dutse, firam 18 yake ɗauka kafin ya ɓace wa ido a can ƙasa, sannan a jira firam 14 kafin ƙura ta tashi, kuma ya ce in aka rage ɗaya ko aka ƙara ɗaya dariyar ba ta zuwa daidai. A Tom and Jerry an raba aikin gida biyu: Joseph Barbera ya zana labari da yanayin fuskoki, William Hanna ya zauna ya ƙirga lokaci. Ihun nan da Tom ke kurmawa idan abu ya danne masa wutsiya, muryar Hanna ce da kansa.

Mu ɗauki abu ɗaya mu dube shi kusa: ɓera zai maka wa muzuru kwanon suya a fuska. Da farko ɓera zai ja kwanon baya, jikinsa ya lanƙwashe, a ba wannan kamar firam takwas, a ɗan tsaya. Wannan ja da baya shi ke gaya wa idon mai kallo inda zai duba, in babu shi duka zai wuce ba a gani ba. Dukan kansa firam biyu ne ko uku, kuma na tsakiyar ba kwano ba ne sosai, wani jan fenti ne mai tsawo wanda ido ba ya kamawa amma yana jin saurinsa. Sai fuskar muzuru ta baje ta ɗauki siffar kwanon, kwanon ya yi karkarwa ta hanyar musanya zane biyu da suka ɗan saɓa. Sannan a tsaya cik kamar rabin sakan ko fiye, don a ba mutanen da ke zaune a silima damar yin dariya kafin abu na gaba ya zo. Ƙa'idar ita ce: zane da yawa kusa da juna suna ba da motsi a hankali, zane kaɗan nesa da juna suna ba da sauri. Nauyin abu ma daga nan yake fitowa. Guduma da balan-balan za su iya zama da girma ɗaya a takarda, tazarar da ke tsakanin zanensu ce ke sa ka ji ɗaya ya fi nauyi.

Babban mai zane ba ya zana duka. Yana yin manyan tsayuwar motsi, ya ja ɗan tsani a gefen takarda da ke nuna inda sauran za su faɗa. Mataimakinsa ya tsabtace layuka ya ƙara wasu, masu cike gurbi su cike ragowar. Dukansu suna aiki a kan tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashi, takardu kuma an huda su ana sa su a kan 'yan turaku na ƙarfe don kowace ta zauna daidai kan 'yar'uwarta. Kurakuran da aka saba gani sanannu ne. Sabon mai cike gurbi yakan sa hannu a tsakiya bisa miƙaƙƙen layi, alhali hannu a lanƙwashe yake tafiya kamar baka, sai hannun ya gajarce a tsakiyar motsi. Ko a matse jiki a miƙe shi ba a kiyaye yawansa ba, sai dabbar ta riƙa kumbura tana ramewa. A Disney da buhun gari wanda aka cika rabi ake koya wa sababbi wannan: ka jefa shi, ka ja shi, siffarsa ta canja, amma garin da ke ciki bai ƙaru ba bai ragu ba. In kuma hujin takarda ya buɗe saboda yawan sawa da cirewa, duk zanen zai riƙa rawa. Don a kama irin waɗannan tun da wuri, ana ɗaukar zanen fensir a fim mai araha a kalla kafin a kai ga fenti.

Sashen tawada da fenti shi ya fi kowane yawan ma'aikata, kusan dukansu mata, kuma albashinsu ne mafi ƙanƙanta, sunayensu ma ba sa fitowa a allo. Mata ƙalilan ne suka samu hawa teburin zane a lokacin, irin su Lillian Friedman a situdiyon 'yan'uwa Fleischer masu Popeye da LaVerne Harding a situdiyon Walter Lantz. Mai tawada tana ɗora sel a kan zanen fensir ta bi layi da alƙalami a fuskar gaba, kuma sel santsi gare shi, hannu na ɗan rawa layi ya lalace. Idan ya bushe sai a kifa shi, a shafa fenti ta baya, don kada fenti ya rufe layin tawada. Fentin mai kauri ne wanda haske ba ya ratsawa, kuma na Disney da ƙaro ake haɗa shi, irin wanda muka sani a Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya. Ba a goga shi da buroshi kamar fentin bango, ana ɗiga shi ne a ja shi ya malala har bakin layi, in ba haka ba sawun buroshi zai fito yana walƙiya daga firam zuwa firam. Launi ɗaya sai ya bushe ake sa na kusa da shi. Idan iska ta yi laima fenti ya yi danƙo ya manne da sel na sama, idan ta bushe ƙwarai ya tsattsage.

Ga wani abu da mai kallo ba ya sani. Sel ba garau yake ɗari bisa ɗari ba, kowane ɗaya yana ɗan dusashe abin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa ba a cika wuce hawa huɗu ko biyar ba, kuma launi ɗaya sai an dama shi kala-kala gwargwadon hawan da zai zauna. In jikin Tom yana hawa na biyu, hannunsa mai motsi yana na uku, aka shafa musu fenti daga kwalba ɗaya, hannun zai fi jikin haske. Duk inda ka ga wani sashe na jikin dabba ya canja launi na ƙiftawar ido a tsohon katun, yawanci wannan ne dalili. Sel na farko da sinadarin naitiret aka yi su, mai kama wuta kamar fetur, daga baya aka koma asitet. Saboda tsada, ana gama fim sai a wanke su a sake amfani da su, kuma Chuck Jones kansa da wankin sel ya fara aiki a situdiyon Ub Iwerks. Abin takaici ne, domin ta haka mafi yawan aikin hannun matan nan ya bi ruwa.

Kyamara a sama take, tana kallon ƙasa. Mai ɗauka, da farin safar hannu, ya shimfiɗa bango, ya jera sel bisa jadawali, ya sauke gilashi ya danne su, ya share ƙura, ya ɗauki firam, ya ɗaga gilashi, ya canja, haka sau dubbai. Fitilu biyu suna haskowa a karkace daga dama da hagu don kada ƙyalli ya koma cikin kyamara. In gilashi bai danne sosai ba, inuwa za ta fito a gefen zane, in ya danne fiye da kima sai wasu zobba masu launin bakan gizo su bayyana tsakanin sel da sel. In ya tsallake layi ɗaya a jadawali, baki da murya sun rabu har ƙarshen fitowar, sai a sake daga farko. Launi kuma da dabara ake kama shi: tunda zane ba ya gudu, kowane firam ana ɗaukarsa sau uku a jere a kan fim baƙi da fari, ta gilashin ja, da kore, da shuɗi, daga baya Technicolor su buga launukan uku a kan fim ɗaya kamar aikin maɗaba'a. Don a samu zurfi, Disney ya gina kyamara mai hawa-hawa na gilashi wadda aka gwada a The Old Mill a 1937, Fleischer kuwa suka riƙa gina ƙaramin gari na gaske a kan tebur mai juyawa su tsayar da sel a gabansa.

Kiɗa ba a bayan fage yake ba, tare da motsi aka ƙirga shi. Carl Stalling, wanda ya fara da kaɗa wa finafinai marasa sauti piyano da ogan a silima a Kansas City, ya yi aiki da Disney, sannan ya koma Warner a 1936. Yana cikin waɗanda suka kafa dabarar sa wa makaɗa ƙaramar ƙara a kunne wadda ke bugawa bisa adadin firam. Bugu ɗaya duk firam 12 shi ne bugu 120 a minti, takun tafiya ke nan. Duk firam 8 kuwa bugu 180, an shiga gudu. Tunda darakta ya riga ya tsara motsi a kan wannan bugu, ƙafa da ganga dole su haɗu. Stalling yana da babbar ƙungiyar makaɗan Warner a hannunsa, waɗanda ke yi wa manyan finafinai kiɗa, Scott Bradley ma haka a MGM. Shi ya sa katun na minti bakwai ke da sautin da ya fi ƙarfin girmansa.

Kowane gida da halinsa. Disney ya fi kowa kashe kuɗi da neman kyau, kuma ya mai da gajerun katun makarantar da ta haifi Snow White a 1937. 'Yan'uwan nan Max da Dave Fleischer a New York suke, katun ɗinsu na da ƙamshin birni da kiɗan jaz: Betty Boop a 1930, Popeye a 1933, Superman a 1941. Su sau da yawa sai an gama zane suke ɗaukar murya, shi ya sa za ka ji Popeye yana gunaguni bakinsa a rufe, Jack Mercer ne ke ƙara zancensa nan take. Da aka tsaurara dokar tace finafinai a 1934 aka tsawaita wa Betty riga, farin jininta ya ragu, a 1942 kuma Paramount ta karɓe situdiyon. Warner, ƙarƙashin Leon Schlesinger, kuɗinsu kaɗan ne, sai suka rama da sauri da kaifin baki. Tex Avery ya zo a 1935, aka ajiye shi da su Bob Clampett da Chuck Jones a wani tsohon gini da suka yi wa laƙabi da sunan gara. Daga situdiyon Warner ɗin Porky ya fito a 1935 a hannun Friz Freleng, Daffy a 1937, Bugs Bunny a cikakkiyar siffarsa a A Wild Hare a 1940. MGM ta fi Warner kuɗi, kuma ana gani a laushin motsi. Hanna da Barbera sun fara da Puss Gets the Boot a 1940, suka yi Tom and Jerry guda 114, na ƙarshe ya fito a 1958, bakwai suka ci Oscar, kodayake furodusa Fred Quimby ne ke hawa ya karɓa. Sunayen da ya kamata ka nema a farkon fim su ne Kenneth Muse da Irven Spence da Ray Patterson da Ed Barge, hannunsu ne kake yabo. Akwai kuma Walter Lantz mai Woody Woodpecker, da Paul Terry mai Mighty Mouse wanda ya fi kowa aikin araha.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu situdiyoyin sun yi wa gwamnati aiki: Donald Duck ya yi kiran a biya haraji a 1942, Warner suka yi wa sojoji jerin Private Snafu daga 1943 zuwa 1945. Akwai kuma abin da bai kamata a rufe ba, musamman ga mai kallo ɗan Afirka. Da yawa daga katun na wannan zamani sun zana baƙar fata da manyan leɓɓa, a matsayin malalata ko masu cin naman mutane a daji, kuma sun yi wa Japanawa da 'yan asalin Amurka irin wannan cin fuska. Matar nan baƙa da galibi ba a nuna fuskarta a Tom and Jerry, wadda Lillian Randolph ta yi wa murya, an daina sa ta bayan 1952, bayan ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata sun yi ta ƙorafi. A 1968 kamfanin United Artists ya janye katun 11 na Warner daga talabijin saboda wannan dalili. Gwanintar zane ba ta wanke wannan laifi ba, kuma uba ya kamata ya san abin da yake kunna wa 'ya'yansa.

A watan Mayun 1941 ma'aikatan Disney suka shiga yajin aiki kan albashi da ƙungiyar ƙwadago. Wasu daga waɗanda suka bar gidan bayan rikicin su suka kafa situdiyon UPA, suka zo da salo dabam: bango launi ɗaya shimfiɗe, layuka kaɗan, mutane maimakon dabbobi, motsi inda ake bukatarsa kawai. Mr. Magoo ya fito a 1949, Gerald McBoing-Boing na 1950 ya ci Oscar. Su don ado suka rage motsi, amma sun nuna wa masu riƙe da jakar kuɗi cewa ana iya ragewa.

Yanzu ga abin da ya kashe su. A watan Mayun 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount da sauran manyan kamfanoni: a daina tilasta wa mai silima sayen kaya a dunƙule, kuma daga baya kamfanonin suka rabu da gidajen silimarsu. Daga ranar katun ya zama kayan da sai an yi cinikinsa shi kaɗai, mai silima kuwa ya san ba don katun mutane ke yankar tikiti ba, saboda haka ba zai ƙara ko sisi ba, ga albashi da kuɗin fim suna hawa. Talabijin ta ƙarasa aikin: a 1950 gida ɗaya cikin goma ma bai cika samunta ba a Amurka, zuwa 1960 kusan tara cikin goma suna da ita. Kamfanoni suka ga tsofaffin katun da ke ajiye sun zama dukiya. Paul Terry ya sayar wa gidan talabijin na CBS situdiyonsa a 1955, a 1956 aka sayar da katun masu launi na Warner na kafin Agustan 1948 ga masu rarraba wa talabijin. MGM ta lura cewa sake fitar da tsohon Tom and Jerry yana kawo kusan abin da sabo ke kawowa, sai ta rufe sashen a 1957. Warner ta rufe nata a 1963, Lantz ya jure har 1972.

Hanna da Barbera suka koma talabijin a ƙarshen 1957 da Ruff and Reddy. A MGM suna kashe dala dubu talatin da wani abu a kan katun ɗaya, a nan aka ba su abin da bai wuce dala 3,000 ba na minti biyar. Mutanen su ne dai, gwanintar tana nan, kuɗin ne babu. Sai suka yanka jiki gunduwa-gunduwa: gangar jiki sel ɗaya da ba ya motsi, kai dabam, baki dabam, bango kuma yana zagayowa, ka ga an wuce fitila ɗaya sau biyar. Kwala da laƙatayen da ke wuyan Yogi Bear don su ɓoye mahaɗar kai da jiki aka sa su. Magana ta maye gurbin motsi, domin baki ya fi ƙafa arahar zanawa. Tom and Jerry ɗin da za ka ga sun yi wani iri, da sauti kamar a cikin rijiya, su ne 13 da Gene Deitch ya yi a Prague a 1961 da 1962 da ɗan kuɗi kaɗan. Masu Tom mai kaurin gira kuwa 34 ne na Chuck Jones, daga 1963 zuwa 1967.

Abin da ke isowa gare mu yau ma sau da yawa ba yadda aka yi shi yake ba. Talabijin ɗin Nijeriya tsarin firam 25 take bi, saboda haka fim mai firam 24 yana ƙara sauri da kashi huɗu cikin ɗari, murya ta ɗan sirance. Mafi yawan katun ɗin kafin tsakiyar shekarun 1950 allonsu kusan murabba'i ne, in ka ga sun cika faffaɗan allon waya ko talabijin, to an yanke sama da ƙasa ko an ja su. Wasu kwafin an wuce da su ta manhajar goge datti, wadda ke ɗaukar siririn layin tawada mai gudu a matsayin ƙura ta share shi, sai ka ga gashin baki ko yatsa ya ɓace a tsakiyar motsi. Warner kuma tun 1943 ta riƙa sake fitar da tsofaffi da tambarin Blue Ribbon, ta cire sunayen waɗanda suka yi aikin. Ka nemi kwafin da ke da baƙin gefe dama da hagu da cikakkun sunaye a farko. In ka samu, buɗe shi a kwamfuta da manhajar da ke tafiya firam ɗaya-ɗaya, ka tsaya daidai inda duka zai sauka, ka ƙirga da kanka: firam nawa aka ja baya, nawa dukan ya ci, nawa aka yi shiru bayansa.